LAMBA: YARON DA KE NESA DA LIKITA SHI MA ƊAN ƘASA NE

Duk wanda ya haura shekara 50 da haihuwa cikin ƙasar Nijar, in ya naɗe hannun rigarsa, da wuya a rasa wani ɗan tabo bisa damtsensa. Wannan tabo shaidar lamba ce ta zamanin kokowa da agana. Waɗanda suka yi masa ita ba su zauna cikin gidan likita suna jiran uwarsa ta kawo shi ba. Sun taho cikin mota ƙura ta rufe su, mai gari ya sa aka yi shela, jama'a ta jeru ƙarƙashin iccen gawo ko bakin kasuwa, aka bi su ɗaya bayan ɗaya da bindigar allura wadda ake takawa da ƙafa. An soma wannan babban aiki a 1967 cikin ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe cikin wannan yanki, kuma a 1980 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta shaida cewa cutar ta ƙare bisa doron ƙasa. Yaran yanzu ba su san agana ba sai ga bakin kakanninsu, ko ga fuskar wani tsoho mai zanzana.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake: tafiya wurin mutane ita ta kashe agana. To, amma aikin yau ya fi na jiya wuya, domin lambar agana zuwa ɗaya ta isa, alhali lambar yara ta yanzu tana bukatar a sadu da yaro sau da yawa. OMS ta kafa shirin lambar yara, wanda ake kira PEV, a 1974, kuma Nijar ta soma nata a 1987 domin kokowa da cututtuka shida: tarin fuka, mashaƙo, tarin shiƙa, tsinkau-tsinkau, shan inna, da dusa, wadda wasu ke kira ƙyanda ko baƙon dauro. Daga baya aka yi ta ƙari. A 2008 aka kawo allura ɗaya mai tsare yaro daga cututtuka biyar, a 2014 aka ƙara ta ciwon haƙarƙari da ɗigon zawo, kuma a 2024 aka soma lambar zazzaɓin cizon sauro daga Gaya cikin jahar Doso. Bisa ƙa'ida, ana yi ma jariri lamba da haihuwarsa, a sake in ya cika sati 6, sati 10 da sati 14, a yi masa ta dusa da ta shawara ga wata na 9, sannan a maimaita ta dusa cikin shekararsa ta biyu. Zuwa shida ke nan aƙalla, kafin yaro ya iya magana sosai.

Ba wanda zai yi gardamar cewa an yi ƙoƙari. A 1998, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 226 ba su kai shekara biyar. A 2009 lissafin ya sauko zuwa 128. Cikin waɗannan shekaru ne aka gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2000 cikin karkara, kuma a 2006 gwamnati ta ɗauke ma yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani. Sanƙarau, wanda a 1996 ya kama mutum wajen 250,000 cikin ƙasashen Sahel ya kashe wajen 25,000, an samar ma irinsa mafi ɓarna lamba, kuma Nijar tana cikin ƙasashe uku na farko da suka yi ma jama'arsu ita a watan Disamba na 2010, tare da Mali da Burkina Faso. Shan inna na asali an yi masa ganin ƙarshe cikin Nijar a 2012, kuma a 2020 aka shaida Afirka gaba ɗaya ta rabu da shi.

Duk da haka, akwai yaran da wannan alheri bai kai gare su ba. Faɗin ƙasar Nijar murabba'in kilometir 1,267,000 ne, kuma kusan rabin jama'arta suna zaune nesa da gidan likita da fiye da kilometir 5. OMS da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2024 yara fiye da miliyon 14 cikin duniya ba su samu ko allurar farko ta mashaƙo da tarin shiƙa ba, kuma irin waɗannan yara wuri uku ake samunsu: ƙauyuka masu nisa, unguwannin talakawa na gefen birni, da yankunan da babu kwanciyar hankali. Nijar tana da duka ukun. A 2023 mashaƙo, cutar da wasu malaman likita ba su taɓa gani ba sai cikin littafi, ta ɓulla a Matamai cikin jahar Damagaram, ta bazu, ta ci rayukan yara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya fi sauƙi ga ma'aikacin da ke zaune cikin birni shi ne ya ce jahilcin iyaye ne. Wannan magana tana bukatar a auna ta. A ɗauki misalin mace mai goyo wadda ke zaune wata tunga, kilometir 20 daga gidan likita. Kafin ta tashi sai ta nemi izinin mai gida, ta samu wadda za ta bar ma sauran yara, ta yi daka, ta ɗebo ruwa. In babu amalanke sai ta taka da ƙafa, in akwai kabu-kabu sai ta biya kuɗin da ya isa cefanen kwana biyu. Ta iso rana ta take, a ce mata yau ba ranar lamba ba ce, ko a ce ba za a buɗe kwalba sabili da yaro ɗaya ba, ko a yi mata faɗa gaban jama'a domin karnen yaron ya ɓace. Ta koma gida da la'asar, yaro bai samu komi ba. Wannan mace in ba ta dawo ba, lissafi ta yi, kuma lissafinta daidai ne. Wanda ya kamata a tambaya shi ne wanda ya shirya aikin.

Ma'aikatar kiwon lafiya ta san wannan, shi ya sa ta raba aikin lamba kashi uku. Waɗanda ke cikin kilometir 5 su zo gidan likita da kansu. Waɗanda ke tsakanin kilometir 5 da 15, malamin likita ya hau moto ya same su. Waɗanda suka wuce kilometir 15, motar asibitin gunduma ta kai gare su. Tsari ne mai kyau, ya kuma dace da shirin kai lamba ga kowace gunduma wanda OMS da UNICEF suka fito da shi a 2002. Amma tsari bisa takarda ba ya tsare yaro daga dusa. Kashi na biyu da na uku sun dogara ga abubuwa ƙanana waɗanda su ne farkon yankewa in kuɗi ya yi ƙaranci: man moto, taya, guzurin ma'aikaci, da wanda zai tsare gidan likita in shi ya fita. Inda malami ɗaya ne ke duba marasa lafiya, ya karɓi haihuwa, ya cika takardu, to fitarsa ƙauye tana nufin rufe ƙofa.

Akwai kuma wani ruɗi da ya kamata a kauce masa, wato ɗaukar gangamin lamba a matsayin aikin duka. Gangami yana da amfaninsa. In annoba ta tashi, kamar sanƙarau na 2015 wanda ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar ya kashe fiye da 500, babu abin yi sai a tashi gaba ɗaya. Amma gangami kwana huɗu ne ko mako ɗaya. Motoci su zo, radiyo ta yi ta kira, a shafa ma yara alli ga ƙofa da tawada ga yatsa, kowa ya watse. Jaririn da aka haifa kashegari sai ya jira. Mutanen karkara kuwa suna da ido. Sun ga ana bin su har ɗaki da ɗigon shan inna sau da yawa cikin shekara, amma ran da dusa ta shigo gari ba su ga kowa ba, kuma daga nan zato ke tsira. Maganin wannan zato shi ne fita ta kowane wata, wadda ba ta da ganga ba ta da tuta, amma ba ta fashi.

Sharaɗin farko na wannan fita shi ne cika alkawari. In an ce ma gari Talata ta farkon wata, to ta zama Talata ta farkon wata, ko da yara biyar kaɗai ke jira. Matan da suka bar aikinsu suka zauna ƙofar mai gari tun hantsi har azahar ba su ga kowa ba, wata mai zuwa ba za su fito ba, kuma ba su da laifi. Sharaɗi na biyu, a tsara ranakun bisa zaman mutane. Ranar kasuwa tana tara matan ƙauyuka goma wuri ɗaya. Da damina mata suna gona tun safe, wasu iyalai ma sun tashi sun koma bukkokin gona, kuma gulbi da fadama suna yanke hanya. Sai a matsa ƙoƙari kafin ruwa ya sauka, a mai da fita zuwa marece. Kuma tun da yake daga 2013 ana bi gida gida da damina ana ba yara maganin tsarin zazzaɓi, babu dalilin da zai hana mai rabon maganin ya duba karnen lamba ya rubuta sunan wanda bai cika ba.

Da kaka ta wuce sai cin rani ya soma, kuma shi ma yana da nasa hukunci. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda ya auna hasken dare na Yamai, Maradi da Damagaram daga hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna cewa dusa tana tashi daidai lokacin da birane ke cika da ƴan cin rani, ta kwanta in sun koma gona. Dusa tana cikin cututtuka mafiya saurin yaɗuwa, kuma ba a tare ta sai yara 95 bisa 100 sun samu lamba sau biyu, domin wadda ake yi ga wata na 9 tana barin wajen 15 bisa 100 ba tsari. Ke nan tashar mota, bukkokin gefen gari, da kangayen da baƙi ke sauka, wuraren aiki ne kamar kowace tunga. Mace tana iya kwana kilometir ɗaya daga babban asibiti, amma ba ta san ƙofar shiga ba, kuma babu sunanta cikin littafin kowa.

Batun kwalba kuwa ya cancanci a tsaya kansa. Kwalbar lambar dusa ta yara 10 ce, ta tarin fuka ta yara 20, kuma in an haɗa su da ruwansu sai a zubar da saura bayan awa 6. Malamin da ke tsoron a tuhume shi da ɓarna sai ya ce ma uwa ta dawo ran da yara suka taru. Wajibi ne magabata su faɗa da babbar murya, su kuma rubuta, cewa yaro ɗaya ya isa a buɗe kwalba. Asarar magani tara ana mayar da ita. Yaron da aka kora ya kamu da dusa, wani lokaci ya makance ko ya mutu. Haka nan duk yaron da aka kawo domin zawo, ko tari, ko awon tamowa, a duba karnensa kafin ya fita. Ɗan zazzaɓi ko mura ba su hana lamba.

Bayan haka sai sanyi. Maganin lamba yana son ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, a ƙasar da zafin bazara ke wuce 40. Wasu irin zafi ke kashe su, wasu kuwa, kamar allurar cututtuka biyar, ƙanƙara ke lalata su. Firiji mai aiki da hasken rana ya rage wahalar kananzir da gas, kuma tun 1996 ana liƙa ma kwalabe wata ƴar alama mai sauya launi in zafi ya taɓa maganin. Amma firiji yana son mai gyara, kuma akwatin sanyi da aka ɗaure bayan moto yana son wanda ya san yadda ake jera ƙanƙara cikinsa. Allurar da ta mutu a hanya ta fi rashin allura muni, domin uwa ta tafi da tabbacin ɗanta ya tsira, in ya kamu kuwa duk gari sai ya ce lamba banza ce.

Makiyaya su ne aka fi barin baya. Bafillace, Buzu, Batube ko Balarabe da ke bin dabbobinsa tsakanin Abalak, Cintabaradan, Barmo, Tanut da Ngigmi ba ya da ranar Talata ta farkon wata. Amma yana da hanya, yana da rijiya, yana da lokaci. Kowace shekara cikin watan Satumba makiyaya suna taruwa In Gal domin lasar gishiri, kuma an saba kai musu lamba can. Zuwa ɗaya cikin shekara ba ya cika ƙa'ida. Ƙasar Cadi ta gwada wata dabara tun 2000: ma'aikatan dabbobi da na mutane su fita cikin mota ɗaya, a yi ma shanu da raƙuma tasu, a yi ma mata da yara tasu. Kuɗin tafiya ya ragu, kuma makiyayin da ya yarda da mai duba garkensa ya miƙo ɗansa. Arɗo da shugaban rukuni sun san inda ruga za ta sauka wata mai zuwa fiye da kowace taswira. A tambaye su, kuma a yarda karnen da aka soma a Dakwaro a cika shi a Madawa ba tare da faɗa ba.

Haka yake ga waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu: jahar Difa tun 2015, jahar Tilaberi da arewacin Tawa, da kudancin Maradi inda dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suka shigo a 2019. Inda ma'aikaci ba ya iya kwana, sai a yi aiki da ɗan gari wanda aka horar, a kuma tare mutane inda suke fitowa, wato kasuwa da wurin rabon abinci. Cuta ba ta san iyaka ba. Da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano a 2003 sabili da jita-jita, kafin a koma a 2004 cutar ta ƙetara zuwa Nijar, daga baya ta kai ƙasashe wajen 20, har Indonesiya. Jama'ar Magarya da ta Daura, ta Ɗan Isa da ta Jibiya, kasuwarsu ɗaya, aurensu ɗaya. Ya kamata ranakun lambarsu su zama ɗaya.

Labarin Kano ya koyar da cewa yarda ita ce jari. Ba a sayen ta da lasifika. Sarakuna, masu gari da limamai su ne suka buɗe ƙofofin da aka rufe, kuma su ya kamata a soma da su tun ran tsara aiki. Maza ma a sa su ciki, tun da izini da kuɗin tafiya hannunsu suke; makarantar mazaje da aka soma a jahar Damagaram ta nuna cewa namiji ya fi jin magana daga bakin ɗan'uwansa mai gida. Kuma a faɗa ma uwa gaskiya tun kafin allura: jikin yaro yana iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu, wurin yana iya kumbura, lambar tarin fuka tana yin ɗan miki ta bar tabo. Wadda aka gaya ma ba ta firgita. Wadda aka ɓoye ma, in ta ga zazzaɓi da dare, boka ne zai yi mata bayani.

Akwai ma wata hanya da ke kwance ba a amfani da ita sosai. Ana yawan kukan cewa ba a san adadin jarirai na karkara ba, domin ba a yi musu takardar haihuwa. Amma babu jaririn da ake haifa cikin gari ungozoma ba ta sani ba, kuma ran suna, kwana bakwai, liman yana nan, wanzami yana nan, an raba goro. Tun cikin shekarun 1960 jahar Maradi ta yi suna wajen horar da ungozomomi da masu agajin farko waɗanda gari ya zaɓa da kansa. Littafi ɗaya a hannun mai gari, a rubuta sunan kowane jariri da na uwarsa ran suna, ya isa ya gaya ma malamin likita yara nawa ke jiransa, da wanda ya ɓace bayan allurar farko.

Wasu za su ce wannan duka tsada gare shi, gara a tara kuɗin a gina gidajen likita. Gina su wajibi ne, kuma a ci gaba. Sai dai ba za a gina likita ga kowace tunga da kowace ruga cikin shekara goma ba, alhali jaririn da aka haifa bana watanni kaɗan gare shi kafin dusa ta riga malami isowa. Game da tsada, a auna ta da kuɗin annoba: gadaje, ruwan jiki, motoci, da kwanakin aikin da iyaye ke asara. Wani bincike na 2024 ya ƙiyasta cewa cikin shekara 50 lamba ta tsirar da rayuka miliyon 154 a duniya, miliyon 94 daga cikinsu ta hanyar lambar dusa kaɗai. Babu wani aikin lafiya da ke biyan kuɗinsa kamar wannan.

Abin lura na ƙarshe shi ne wanda zai biya. Ƙungiyar Gavi, wadda aka kafa a 2000, tana tallafa ma Nijar wajen sayen magungunan lamba, amma a 2025 Amurka ta ba da sanarwar janye kuɗinta daga ƙungiyar, kuma wasu ƙasashe masu ba da tanyo sun rage nasu taimako ga ayyukan lafiya. Wanda ya dogara ga tukunyar maƙwabci bai san ran da zai kwana da yunwa ba. In sayen magani ya fi ƙarfin komin, man moto na fita huɗu cikin wata bai fi ƙarfinta ba. Ya kamata kowace komin ta ware masa layi cikin kasafin kuɗinta, kowane gwamna da kowane ferefe ya riƙa tambaya ƙarshen wata: fita nawa aka tsara, nawa aka yi, wane gari ne bai ga malami ba, kuma don mi. A yaba ma malamin da ya cika fitarsa kamar yadda ake yaba ma wanda ya gina sabon ɗaki.

Yaron ruga da yaron tunga ƴan ƙasa ne daidai da yaron da aka haifa cikin babban asibitin Yamai. Iyayensu suna biyan haraji, suna noma hatsin da birni ke ci, suna kiwon dabbobin da ake fitarwa waje. Hakkinsu ne a same su inda suke, kamar yadda aka sami kakanninsu a zamanin agana. Allah ya ba magabata ikon sauke wannan nauyi, ya raya yara cikin ƙoshin lafiya. Amin.